Yadda Lissafi Ya Shiga Gwajin Jini

A shekarar 1959, a wani asibitin tsofaffin sojoji da ke birnin New York na Amurka, Rosalyn Yalow da Solomon Berson suka nuna cewa ana iya auna insulin a jinin mutum da antibodi, wato sinadarin da garkuwar jiki ke ƙerawa don ya maƙale wa abu guda tak. Yalow ta karɓi kyautar Nobel a 1977. A 1971 Eva Engvall da Peter Perlmann a Suwidin suka fito da gwajin ELISA, wanda sauyin launi ke nuna sakamakonsa, sannan a 1975 Georges Köhler da César Milstein a Ingila suka gano hanyar samar da antibodi iri ɗaya mai ɗimbin yawa.

Tun farko aikin ya nemi lissafi. Launin gwaji ba ya ƙaruwa daidai da yawan furotin ɗin da ake aunawa: yakan tashi a hankali, ya yi sauri, sannan ya cije. Wani lokaci ma furotin ya yi yawa har alamar ta dushe, a ɗauka mai ciwo lafiyarsa ƙalau. A shekarun 1970 David Rodbard na cibiyar binciken lafiya ta Amurka ya rubuta manhajojin kwamfuta masu fassara wannan hawa da cijewa, kuma har yau dakunan gwaji na cin gajiyar tsarinsa.

Wanda ya fi burge ni shi ne Roger Ekins na Landan. Da lissafi ya nuna cewa ɗan ɗigon antibodi a wuri ƙanƙane na iya gano furotin da kyau, alhali mutane da yawa sun ɗauka sai an zuba da yawa. Wannan tunani ya share fagen gwaje-gwajen da ke auna furotin barkatai a kan faranti ɗaya. A 2003 Shizhi Qian da Haim Bau suka tsara lissafin yadda ruwa ke bin tsinken gwaji, don mai ƙira ya gwada inda zai sa layin da ke nuna sakamako tun kafin ya ɓarnatar da kaya.

Daga nan kwamfuta ta koma kan siffar antibodi kansa. Cyrus Chothia da Arthur Lesk sun gano a 1987 cewa yawancin lanƙwasa shida da yake kama abu da su siffofinsu 'yan kaɗan ne, ana iya hasashensu. Guda ɗaya, H3, ta gagara, kuma ko bayan zuwan manhajar hasashen siffar furotin ta AlphaFold 2 a 2020 tana ba masana wahala. Don haka hasashen kwamfuta bai isa hujja ba sai an gwada a jinin gaske.

Mu ma abin ya shafe mu. Yawancin tsinken gwajin maleriya furotin HRP2 suke nema, amma a 2010 aka ba da rahoton ƙwayoyin cutar da ba sa fitar da shi a Peru, kuma da aka same su a Eritiriya, dole ta sa ƙasar ta sauya gwajinta a 2016. Masana a kwalejin Imperial ta Landan sun yi amfani da kwamfuta a 2017 wajen hasashen inda irin waɗannan ƙwayoyi za su fi yaɗuwa a Afirka. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ƙasa ta sauya gwaji idan wannan matsala ta sa ana kuskuren fiye da kashi 5 cikin 100 na masu cutar.