Katangar Jefferson da Masu Gadinta

Ana yawan ɗaukar ƙungiyoyin Amurka masu fafutukar raba addini da gwamnati a matsayin taron marasa addini. Tarihinsu ya fi haka sarƙaƙiya. Maganar katanga tsakanin coci da hukuma, wadda suke kafa hujja da ita, ta fito ne daga wasiƙar da shugaban ƙasa Thomas Jefferson ya aika wa mabiya ɗarikar Baptist na Danbury a 1802, mutanen da ke kuka da fifikon da jihar Connecticut ke bai wa wani coci. Tsirarun masu ibada ne ke neman kariya daga hukuma.

Ƙungiyar Americans United, wadda aka kafa a 1947, jagororin Furotesta ne suka assasa ta, kuma abin da ya fi tayar musu da hankali shi ne kada kuɗin haraji ya shiga makarantun Katolika. Ke nan akwai ƙurar gaba tsakanin ɗarikoki a tushenta, abin da masu yabonta kan tsallake. Daga 1992 zuwa 2017 ma fasto ne ya jagorance ta, Barry Lynn. Wadda ta fito ƙarara da sunan marasa addini ita ce Freedom From Religion Foundation ta jihar Wisconsin.

A ganina, raunin waɗannan ƙungiyoyi yana cikin nasarar da suka samu. Sun jingina da kotu, kotu kuwa ta biya su: a 1962 Kotun Ƙoli ta haramta addu'ar da hukuma ta tsara a makarantun gwamnati, a 1971 ta kafa ma'aunin Lemon na tantance dokoki, a 1980 ta soke dokar Kentucky ta liƙa Dokoki Goma na Littafi Mai Tsarki a ajujuwa. Wanda alƙali ke ba shi gaskiya ba ya wahalar da kansa wajen shawo kan maƙwabci, alhali maƙwabcin shi ke zaɓen masu naɗa alƙalan.

Da alƙalan suka sauya, kiɗa ya sauya. A 2022, a shari'ar wani kocin ƙwallo mai addu'a a tsakiyar fili, kotun ta yi watsi da ma'aunin Lemon. A 2024 jihar Louisiana ta wajabta liƙa Dokoki Goma a kowane aji na makarantun gwamnati. Ƙungiyoyin, tare da ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU, suka sake garzayawa kotu riƙe da hukuncin 1980, wanda shi kansa a kan ma'aunin Lemon aka gina shi.