Tarihin Kiwon Salamanda a Gida Ɗaya

Salamanda wata halitta ce mai siffar ƙadangare, amma nasabarta da kwaɗo take, domin fatarta danshi gare ta, kuma ta fatar nan take shaƙar wani kaso na iskar da take rayuwa da ita. Babu ita a ƙasashenmu na kudancin Sahara, sai dai ƙissar kiwonta a Turai ta cancanci a tsaya a kanta.

A shekarar 1864 aka sauke wasu 34 daga cikin jinsin da ake kira aksolotil a birnin Faris, an ɗebo su daga ƙasar Meziko, aka ba wani shehin malamin halittu, Auguste Duméril, guda shida, waɗanda da suka hayayyafa a shekarar da ta biyo baya, sai ga wasu daga cikin 'ya'yan sun zubar da gezar numfashin da ke wuyansu sun hau tudu, al'amarin da ya girgiza malaman zamanin. Daga nan sha'awa ta yaɗu, ma'abuta kiwo suka ɗauki al'adar tara jinsi daban-daban a akwatin gilashi ɗaya, bisa zaton cewa kamannin sura hujja ce ta dacewar zama. Alal haƙiƙa kama da wane ba ta wane: wani jinsin ruwan sanyi yake so, wani ƙasa mai laima, babba yakan haɗiye ƙarami, wasu kuma fatarsu dafi take fitarwa. Har jini ya gauraya, domin a shekarun 1960 Rufus Humphrey na Amurka ya haɗa aksolotil da wata zabiyar salamanda mai zanen damisa, kuma zabiyoyin da ake sayarwa yau tsatsonta ne.

Babban ibtila'in bai bayyana ba sai a 2010, lokacin da salamanda mai ɗigon rawaya ta fara mutuwa a dazukan kudancin Holan, har kashi 96 cikin ɗari suka halaka cikin shekaru uku. A 2013 An Martel da abokan aikinta na Jami'ar Gent ta Beljiyam suka gano sababin, wato wata ƙwayar cuta dangin funfuna mai cinye fata, wadda asalinta Asiya ne, inda wasu jinsunan suka daɗe suna ɗauke da ita ba ta kashe su, kuma mafi rinjayen ra'ayin masana shi ne fataucin dabbobin ado ne ya ƙetaro da ita. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne waɗanda suka mutu a dajin nan ba su taɓa shiga akwatin kowa ba.

Saboda wannan cuta, a 2016 Amurka ta haramta shigo da jinsin salamanda 201, a 2018 Tarayyar Turai ta wajabta killace baƙuwar dabba mako shida. Masu kiwo na ƙwarai yanzu kowane jinsi akwatinsa daban, da ruwansa da komarsa, wadda ta kamu kuwa akan tsare ta kwana goma a zafin digiri 25, wanda ƙwayar ba ta iya jurewa.