Huhu da Kaluluwa: Ina Ƙurar Hunturu Take Zuwa?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu kan lulluɓe Kalfu da birnin Tawa da ƙura. Ga ƙaiƙayin sussuka da shiƙa, ga hayaƙin murhu, duk mutanen Adar na shaƙa. Abin da muke son bi a nan shi ne inda wannan ƙura take ƙarewa, kuma hakan ba ya yiwuwa sai mun san tsare-tsare biyu na jiki.

Tsarin numfashi shi ne gaɓoɓin da ke shigar da iska su fitar da ita. Kashi biyu ne: hanya da masauki. Hanyar ta taso daga hanci, ta bi maƙogwaro, ta rabu biyu a ƙirji, sannan ta yi ta rassa kamar bishiya. Masaukin kuwa huhu ne. Na dama ɓangare uku, na hagu biyu, saboda zuciya ta ci masa wuri. A ƙarshen kowane reshe akwai 'yan jakunkuna, ɗaruruwan miliyoyi, masu bango siriri. Nan ne oksijin, wato sinadarin iska da jiki ke rayuwa da shi, yake ratsawa cikin jini, gurɓatacciyar iska kuma ta fito. Huhu ba ya buɗe kansa. Faffaɗar tsoka da ta raba ƙirji da ciki ce ke sauka ta jawo iska, sau 12 zuwa 20 a minti ga baligi.

Yawancin ƙura ba ta kaiwa can. Gashin hanci ya tare manya, majina ta kama matsakaita, wasu 'yan gashi da ido ba ya gani su turo ta sama a tofar ko a haɗiye. Kaki, ashe, shara ce.

Wadda ta fi laushi ita ke kutsawa har jakunkunan, kuma nan tsari na biyu, wato na limfi, yake karɓar aiki. Limfi ruwa ne garai-garai da ke tsatsowa daga ƙananan jijiyoyin jini ya jiƙa nama. Kimanin lita uku a yini sai an kwashe an mayar. Magudanansa daban suke, ba su da famfo irin zuciya, motsin tsoka da numfashi ne ke tura shi har ya zuba a manyan jijiyoyi kusa da wuya. A kan hanya akwai matatu, 'yan ƙulli kamar ƙwayar wake, ɗaruruwa, cike da fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta. Su ne muke kira kaluluwa idan suka kumbura a hammata, matsematsi ko wuya. Saifa ma 'yar wannan gida ce. A huhu, wasu fararen ƙwayoyi kan haɗiye ƙura su kai ta matatun ƙirji. Shi ya sa na wanda ya daɗe cikin hayaƙi sukan yi baƙi.

A ganinmu, kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar kaluluwa a matsayin cutar kanta. Sau da yawa alama ce cewa matata na aiki saboda wani miki a kusa. Amma tana iya zama wurin da cuta ta yi zaune: ƙwayar tarin fuka, wadda Robert Koch ya gano a 1882, takan kumbura ta wuya, kamar yadda tsutsar da sauro ke ɗauka kan toshe magudanan ƙafa ta haifar da tundurmi.

Ga iyaye akwai ma'auni mai sauƙi daga Hukumar Lafiya ta Duniya: a ƙirga numfashin yaro mai tari na minti ɗaya yana kwance shiru. Ɗan wata 2 zuwa 11 da ya kai 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 da ya kai 40, a hanzarta kai shi likita, domin alamar ciwon huhu ce. Haka nan tarin da ya wuce mako biyu, ko kaluluwar da ta ƙi saɓewa, kada a tsaya jiran wucewar hunturu.