The Sims 4: Discover University

The Sims 4: Discover University kunshin ƙari ne na wasan bidiyo mai kwaikwayon rayuwa, wato The Sims 4. Kamfanin Maxis ne ya ƙirƙire shi, kamfanin Electronic Arts na ƙasar Amurka ya wallafa shi. An fitar da shi a kan kwamfuta ranar 15 ga Nuwamba, 2019, sannan a kan PlayStation 4 da Xbox One ranar 17 ga Disamba, 2019. Shi ne babban kunshin ƙari na 8 a jerin wasan. Yana ba mutanen cikin wasan, waɗanda ake kira Sims, damar shiga jami'a, zama a ɗakin kwanan ɗalibai da kuma samun digiri.

Tarihi

Wasan The Sims na farko ya fito a shekarar 2000 a ƙarƙashin jagorancin Will Wright. An fara shigar da rayuwar jami'a cikin jerin da The Sims 2: University a shekarar 2005, sai The Sims 3: University Life a shekarar 2013. The Sims 4 ya fito a watan Satumba na 2014 ba tare da jami'a ba, sai da aka yi shekaru 5 kafin a cike wannan giɓi.

Jami'o'i da fannoni

Kunshin ya zo da sabon gari mai suna Britechester, wanda ke da jami'o'i biyu masu hamayya da juna. Jami'ar Britechester tsohuwa ce mai gine-ginen gargajiya, ta fi ƙarfi a fannonin adabi da fasahar zane. Cibiyar Foxbury kuwa ta zamani ce, ta fi ƙarfi a kimiyya da ƙere-ƙere. Akwai fannonin digiri 13, daga ciki akwai tarihi, tattalin arziki, ilimin halittu, kimiyyar kwamfuta, wasan kwaikwayo, girke-girke da sadarwa. Ana iya karanta kowane fanni a kowace jami'a, amma digiri mai daraja ta musamman ana samun sa ne kawai a jami'ar da ta ƙware a fannin.

Yadda ake wasan

Sim yakan cike takardar neman gurbin karatu, kuma ƙwarewarsa da sakamakonsa na sakandare ne ke nuna fannonin da za a ba shi. Ana biyan kuɗin makaranta da Simoleon, kuɗin cikin wasan, ko ta hanyar tallafin karatu ko bashi da za a biya daga baya. Domin kammala digiri ana buƙatar cin darussa 12, kuma ba a ɗaukar fiye da 4 a zango guda. Saboda haka mafi ƙarancin lokacin karatu shi ne zango 3, kimanin makonni 3 na cikin wasan. Kowane darasi yana da aikin gida, sannan a ƙarshe jarrabawa, ko rubutaccen bincike, ko gabatarwa. Ɗalibin da makinsa ya faɗi ƙwarai ana yi masa gargaɗi, daga baya a iya dakatar da shi.

Wanda ya kammala yakan fara aikin da ya dace da fanninsa a mataki na sama, da albashi mai tsoka. Kunshin ya ƙara sana'o'i 3: koyarwa, injiniyanci da aikin lauya. Ya kuma kawo ƙwarewar haɗa mutum-mutumi, ƙwarewar bincike da muhawara, kekuna, ƙungiyar ƙwallon ƙafa, ƙungiyar asiri ta ɗalibai, da tsarin abokan zama a gida ɗaya.

Karɓuwa da suka

An yaba wa kunshin saboda wahalar karatun ta yi kama da ta gaske: ɗaukar darussa 4 a zango kan cinye lokacin barci, abinci da abokai. An kuma yaba da yadda Sim zai iya zama a gidansu a wani gari yana zuwa aji, ba lallai sai ya koma harabar jami'a ba.

Babbar sukar da ake yi ita ce ba a ganin cikin aji. Sim yakan shiga gini ya ɓace har sai an tashi darasi, mai wasa yana jira. Haka kuma ba a yarda da murhun girki a ɗakunan kwanan ɗalibai ba, kuma tsawon karatun kan cinye mafi yawan ƙuruciyar Sim idan ba a tsawaita shekarun rayuwa a saitin wasan ba.

Farashi da dacewa da mai saye

An fitar da kunshin a kan dala 39.99, kuma ba ya aiki sai da ainihin wasan, wanda ya zama kyauta tun ranar 18 ga Oktoba, 2022. Akan yi rangwame lokaci zuwa lokaci a shagunan intanet kamar EA app da Steam.

Amfaninsa ya danganta da salon mai wasa. Wanda ke bin iyali guda daga tsara zuwa tsara zai fi cin moriyarsa, domin jami'a na haɗa ƙuruciya da aiki, kuma bashin karatu na shafar rayuwar Sim bayan kammalawa. Wanda ya fi son gine-gine zai samu kayan ɗaki da gari guda ne kawai, wanda jami'o'i suka mamaye mafi yawansa. Wanda kuma ke son ganin abin da ke faruwa a cikin aji zai fi samun hakan a kunshin High School Years na shekarar 2022, inda ake bin ɗalibi har cikin makarantar sakandare.