Eka 23 a Ƙarƙashin Gada: Yadda Gidauniyar Westway Ta Kafu

Ranar 28 ga Yuli, 1970 aka buɗe gadar sama ta Westway a yammacin Landan, titi mai tsawon kilomita huɗu da aka ɗora kan ginshiƙan kankare daga Paddington zuwa White City. Manyan baƙi sun hallara, har da Michael Heseltine, ƙaramin minista a ma'aikatar sufuri ta lokacin. Mutanen unguwa ma sun hallara, sai dai ba tafi ya kawo su ba. Mazauna layin Acklam, waɗanda titin ya ratsa daf da tagogin ɗakunan kwanansu, sun rataya ƙaton ƙyalle a jikin gidajensu suna neman a fitar da su daga wannan azaba a ba su wani matsuguni. Daga baya an kwashe su, an rushe gidajen.

Arewacin Kensington, unguwar da gadar ta ratsa, ta sha wuya tun kafin gadar. Unguwa ce ta talakawa da baƙi: 'yan Karibiyan, 'yan Ayalan, 'yan Sifen da Fotugal, daga baya 'yan Maroko. A nan Peter Rachman ya yi ƙaurin suna wajen cusa 'yan haya a ruɓaɓɓun gidaje yana tatsar su. A nan aka yi tarzomar ƙin baƙar fata ta 1958, a nan kuma aka kashe Kelso Cochrane, kafinta ɗan Antigua, a 1959. Ƙaramar hukumar da ke mulkin unguwar, ta Kensington da Chelsea, ƙarfinta yana kudu inda attajirai suke, kuma tun da aka kafa ta a 1965 jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ke riƙe da ita. Da aka zo shata hanyar mota, ta kan dubban mutanen arewa aka bi.

Injiniyoyin ba su damu da abin da zai zauna a ƙarƙashin gadar ba. An bar fili mai faɗin eka 23, tsawonsa wajen mil guda, cike da ɓaraguzai, hukuma tana tunanin mayar da shi wurin ajiye motoci da garejin bas. Tun ana cikin aikin, a 1966, wasu 'yan unguwa da suka haɗa da Adam Ritchie da John O'Malley suka share wani yanki suka yi wa yara filin wasa, don yaran ba su da inda za su je sai bakin titi. Wannan ƙungiyar ce ta rikiɗe a 1968 ta zama Motorway Development Trust, da buƙata guda: tunda an ci gidajenmu, a ba mu ƙasan gadar. Aka yi ta taro da takardun koke da zanen abin da za a iya ginawa, har hukuma ta sassauto. A 1971 aka kafa North Kensington Amenity Trust, aka damƙa mata filin bisa haya mai dogon zango, ta riƙe shi amana domin mutanen wurin.

Sai dai ba yadda masu fafutuka suka so aka tsara ta ba. An raba kujerun kwamitin amintattu biyu, rabi na waɗanda ƙaramar hukuma ta naɗa, rabi na wakilan ƙungiyoyin unguwa, da shugaba daga waje. A takarda adalci ne. A zahiri kuwa, ɓangare ɗaya yana da lauyoyi da akawu da ikon ba da izinin gini, ɗayan kuma mutane ne da ke zuwa taro bayan sun tashi daga aiki. A ganina duk rigimar da ta biyo baya cikin shekara hamsin daga wannan teburin ta samo asali.

Shekarun farko na talauci ne. An ba gidauniyar fili, ba a ba ta kuɗin gina shi ba. Daraktanta na farko, Anthony Perry, wanda ya fito daga harkar fim, a wani tsohon gida a layin Acklam ya kafa ofis, yana bara wajen hukumomi da masu hannu da shuni. Duk da haka a lokacinsa ne aka yi abin da har yau ake tuna ta da shi: ya ba masu shirya bikin Kanibal na Notting Hill wurin zama, kuma daga nan ne Leslie Palmer ya tsara bikin 1973 da ya shigo da manyan lasifikoki da ƙarin ƙungiyoyin kiɗa, taron unguwa ya fara zama na dubun dubata. A 1975 aka buɗe zauren Acklam, inda makaɗan rege da sauran matasa suka sami dandali.

Roger Matland, wanda ya gaji Perry ya kuma riƙe wurin kusan shekara talatin, shi ya ɗora gidauniyar kan dabarar da ta rayar da ita. Tallafin gwamnati yau akwai gobe babu, saboda haka dole filin ya ci da kansa: a gina shaguna da ofisoshi da wuraren sana'a, a ba da wasu haya da farashin kasuwa, ribar ta ɗauki nauyin sauran. Ramukan da ke tsakanin ginshiƙan gadar kowanne da lambarsa, kamar rumfunan kasuwa, aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana cikewa.

Wanda ya bi ƙarƙashin gadar da ƙafa ranar Juma'a zai ga sakamakon. Inda ta haye titin Portobello akwai farar rumfar tanti da aka kafa a farkon shekarun 1980, 'yan gwanjo sun baje tsofaffin riguna da faya-fayan garmaho, a gefe kuma jerin ƙananan shaguna inda matasa masu ɗinki da zanen tufafi ke fara sana'a. Gabas kaɗan yara na zamiya da allon taya a kan siminti. In ka nausa yamma sai ofisoshin ƙungiyoyin agaji, ajujuwan da matan Maroko da Somaliya da Eritiriya ke koyon Turanci da kwamfuta ana riƙe musu jarirai a ɗaki na kusa, sai ƙananan masana'antu. A can ƙarshe, ƙarƙashin babban shataletale, akwai cibiyar wasanni mai filayen ƙwallo da na tanis da bangon koyon hawa. Ana duk wannan motoci na rugugi a saman kai, hayaƙinsu na sauka kan masu motsa jiki. Gidauniyar ta kuma tallafa wa makarantun ƙarshen mako da al'ummomin baƙi ke buɗe wa 'ya'yansu. Tana cikin irinta na farko a Birtaniya, kuma wasu garuruwa sun kwaikwayi tsarin.

Haya ta tsamo ta daga bara, haya kuma ta nisanta ta da masu ita. Unguwar Notting Hill, inda filin yake, ta yi tsada, taku ɗaya na filin ya zama kuɗi, sai ma'aunin ya fara karkata wajen wanda zai iya biya. Zauren Acklam ya koma gidan rawa na kasuwanci. A 2001 jaridar Sunday Times ta buga dogon bincike na Brian Deer kan yadda ake tafiyar da gidauniyar. A 2002 ta sauya suna zuwa Westway Development Trust, daga baya Westway Trust kawai, sunan unguwar ya fita. Wajen 2015 makarantar renon yara ta Maxilla ta rufe, bargar dawakin da yaran talakawa ke koyon sukuwa ta shiga halin rufewa, shugabanni kuma suka fito da shirin ƙawata yankin Portobello don jawo masu sayayya. Baƙaƙen unguwar suka ce abin ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Suka kafa ƙungiyar Westway23, lambar tana nuni da ekokin nan.

Ana cikin wannan ja-in-ja, daren 14 ga Yuni, 2017 gobara ta cinye benen Grenfell mai hawa 24, wanda ke tsaye kusa da gadar, mutum 72 suka rasu. Cikin azumi ne, kuma masu jiran sahur na cikin waɗanda suka fara buga wa maƙwabta ƙofa. Cibiyar wasannin Westway ta zama matsugunin waɗanda suka tsira, aka shimfiɗa katifu a filin tanis, ginshiƙan gadar suka cika da hotunan waɗanda ake nema. A 2018 aka gina sabon zauren taro a rami na 20, tare da wurin horo ga kulab ɗin dambe na Dale Youth da gobarar ta raba da mazauninsa. Amma fushin da mutane ke yi da ƙaramar hukuma ya shafi duk wanda ake gani ɗan ɗakinta ne, har da gidauniyar.

A 2018 ɗin ne gidauniyar ta gayyaci Tutu Foundation ta Birtaniya ta binciki zargin wariya. Rahoton ya fito a Disamba 2020, bai kuma yi kwana-kwana ba: wariyar launin fata ta yi kaka-gida a tsarin gidauniyar, a da da kuma lokacin binciken, musamman a kan 'yan asalin Karibiyan da aka yi ta raba su da wuraren taronsu. Gidauniyar ta karɓi hukuncin ta nemi afuwa. Wanda ke kan kujerar shugaban amintattu a ranar shi ne Toby Laurent Belson, ɗan unguwar, ɗaya daga cikin 'yan Westway23 da shekara biyar kafin nan suke zanga-zanga a ƙofar ofishin.