Kogin Oulanka: Ruwa Ɗaya a Ƙasa Biyu

Galibin kogunan Finlan Tekun Baltik suke gangarawa, amma Oulanka gabas ya nufa. Yana tasowa ne daga fadamun yankin Salla a arewacin ƙasar, tsawonsa kimanin kilomita 135. Yakan tsallaka iyakar Rasha ya ratsa tafkin Paanajärvi, ruwansa ya bi ta tafkin Pyaozero har ya kai Farin Teku. Matsayar wannan maƙala ita ce, kogi irin wannan ba ya samun kariya ta gaskiya sai an ɗauke shi abu guda, tun daga tushe har mashiga.

Mu fara da kwarin kansa. Ƙanƙarar da ta rufe yankin a zamanin dā, da ta narke, ta bar yashi mai zurfi a cikinsa. A magangarar Kiutaköngäs ruwan kan matse tsakanin jajayen duwatsu yana ruri, ƙasa da nan kuma sai ya lafa, ya riƙa lanƙwasa cikin yashi. Idan dusar ƙanƙara ta narke wajen watan Mayu, ambaliya kan zaizaye gaɓar waje har dogayen bishiyoyi su rufto da saiwoyinsu a fili, ta kwashi yashin ta jibge a gaɓar ciki. Wato abin da aka taɓa a sama, a ƙasa ake ganin sakamakonsa.

Kifayen kogin ma shaida ne. Akwai wani babban kifi mai ɗigo-ɗigo, tirawut, wanda ke girma a tafkunan ɓangaren Rasha, sannan ya hauro Oulanka da rassansa, Kitka da Kuusinki, don ya zuba ƙwai a tsakuwar Finlan. In aka yawaita kamu a tafki, ko aka datse hanya a kogi, zuriyar ta yanke ga ƙasashen biyu.

Mai ja zai ce ai kowace ƙasa ta yi nata. Finlan ta kafa gandun dajin Oulanka a 1956, ta yi dokar kare magangarun ruwa a 1987, Rasha kuma ta kafa gandun Paanajärvi a 1992. Haka ne, kuma abin yabo ne. Sai dai iyakar da yaƙi ya shata a shekarun 1940 ba ta raba ruwan ba, kuma dangantakar ƙasashen biyu ta yi tsami tun 2022. Ƙidayar kifi da sa ido kan ingancin ruwa aiki ne na haɗin gwiwa, bai kamata rikicin siyasa ya dakatar da shi ba.