Magungunan gargajiya na kumburin kogon hanci a Sakkwato

Kumburin kogon hanci, wanda likitoci ke kira sainusaitis, ciwo ne da ke kama kofofin iska da ke cikin ƙashin goshi, da kumatu, da tsakanin idanu. Alamominsa sun haɗa da toshewar hanci, majina mai kauri, nauyin fuska, da ciwon kai da ke ƙaruwa idan mutum ya sunkuya. A Sakkwato an fi kokawa da shi lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da busasshiyar iska ke kwaso ƙura daga Sahara.

Magunguna

Sirace ne aka fi sani. Ana tafasa ganyen dogon yaro ko na bishiyar turare, mara lafiya ya lulluɓa da zane ya shaƙi tururin. Akan kuma dafa citta da kanumfari da masoro da kimba, a zuba zuma da lemun tsami a sha da ɗumi. Masu sayar da magungunan Musulunci sun fi ba da man habbatus sauda da garin kustul hindi. Wannan fanni ya daɗe a birnin, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce da Larabci a kan magani.

Tasiri da haɗari

Yawancin wannan ciwo bairos ne ke kawo shi, kuma yakan lafa da kansa cikin kwana 7 zuwa 10, shi ya sa sau da yawa ake yaba wa maganin da aikin da jiki ne ya yi. Tururi da abin sha mai ɗumi suna sassauta majina, amma ba sa kashe bakteriya. Wanke hanci da ruwan gishiri, wanda aka tafasa ya huce, ya fi su samun goyon bayan likitoci. Cusa tafarnuwa a hanci yana ƙona fatar ciki, ruwan sirace yakan ƙona yara, kuma ba a ba jariri ɗan ƙasa da shekara 1 zuma.

Idan ciwon ya wuce kwana 10, ko ido ya kumbura, ana bukatar ganin likita, kamar a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Zazzaɓi mai zafi tare da sandarewar wuya kuwa na iya zama sanƙarau, cutar da kan ɓulla a yankin lokacin rani.